Yadda Rana Ke Kwance Dusar Ƙanƙara a Tsaunukan Alps

Ranar 10 ga Maris, 1988, Yarima Charles, wanda yau shi ne Sarkin Ingila, yana wasan zamiya da abokansa a wani gangare kusa da garin Klosters na Suwizalan, can nesa da hanyoyin da ake gyarawa. Kwatsam dusar ƙanƙara ta zaftaro musu. Yariman ya sha da kyar, amma abokinsa Manjo Hugh Lindsay ya riga mu gidan gaskiya.

Mutum zai ɗauka da zarar hunturu ya juya baya shi ke nan an huta. Ina! Daga Maris zuwa Mayu kama kawai haɗarin ke sauyawa, ya koma bin agogo. Idan sama ta yi garau da dare, sanyi kan daskarar da saman dusar ta yi ƙarfi, har ta ɗauki mutum ba tare da ƙafarsa ta nutse ba. Hantsi na dubawa rana ta fara narkar da ita, ruwa ya riƙa tsiyaya ciki yana kwance abin da ya riƙe ƙwayoyinta. Gangaren da aka ratsa lafiya da sassafe, kafin azahar ya zama tarko. Wanda ke fuskantar gabas shi ke fara laushi, na kudu ya biyo baya, na yamma sai can da rana ta karkata. Shi ya sa ƙwararru ke sammako da fitila a goshi, su sauko tun kafin tsakar rana. In kuwa gajimare ya rufe sama da dare dusar ba ta daskare ba, mai hankali ya haƙura da tafiyar.

Jiƙaƙƙiyar dusa ba ta kai busasshiya gudu ba, amma nauyi gare ta, kuma idan ta tsaya takan sandare kamar siminti. Wanda ta binne ko yatsa ba ya iya motsawa.

Mafi yawan zaftarewa na aukuwa ne a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wato daidai irin wanda masu zamiya ke marmari. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos tana fitar da hasashen haɗarin kullum a lokacin dusa, a kan ma'auni mai matakai biyar da Turai ke amfani da shi tun 1993. Abin mamaki, a mataki na uku aka fi mutuwa, domin a na huɗu da na biyar tsoro kan zaunar da mutane a gida.

Waɗanda aka tono cikin minti 10 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan rabin awa akasari numfashi ya ƙare. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa cikin wannan ɗan lokaci ba, don haka kowa ke ɗaure da na'urar gano wuri a ƙirji, da sandar caka dusa da shebur a jaka, kuma ɗaya bayan ɗaya ake ratsa gangare mai haɗari, saura na tsaye gefe suna kallo.