Famfon da Ke Kasala da Asuba

A wani gidan mai da ke bakin hanyar Zariya zuwa Funtuwa, famfon fetur ya tsiri wata ɗabi'a da shigowar hunturu. Motar farko ta asuba sai ta yi ta jira, mai na tsiyaya da ƙyar. Da hantsi kuwa lafiya lau. Manaja ya ce an fara satar mai, yaran famfo suka ce filta ce ta toshe.

Mai gyaran da aka kira bai ko waiwayi filtar ba. "Yallaɓai," in ji shi, "filtar da ta toshe ba ta warkewa don rana ta fito."

Ya wuce kan tankin da ke binne a ƙasa. Irin gidajen man nan da injinsu ke nutse cikin tanki yana turo mai, akan ɗaura musu na'urar gano yoyo. Duk lokacin da matsin cikin bututu ya faɗi ƙasa warwas, idan aka kunna inji ba ta buɗe hanya nan take. Mai kaɗan take saki tukuna, ta ga ko matsi zai hau. In ya hau ta buɗe, in ya ƙi ta ɗauka bututu ya huje, ta taƙaita gudun mai. Ashe kasalar famfon ƙara ce na'urar ke kaiwa.

To, ina yoyon? Aka ɗauko littafin awon tanki, aka gwada da abin da aka sayar, lissafi ya fita daidai. Zancen sata ya mutu a nan. Da azahar aka rufe bututun, aka ɗaura geji, allura ta tsaya cak. Bawul ɗin da ke hana mai komawa tanki shi ma ya riƙe.

Sai mai gyara ya bar gejin ya kwana. Bayan sallar asuba allura tana kan sifili.

Nan ya gane. Fetur yakan tsuke da sanyi, kimanin lita 1 cikin lita 1,000 a kowane digiri ɗaya. Man da ke cikin tanki mai zurfi yana riƙe ɗuminsa, wanda ya kwana a bututu kusa da saman ƙasa kuwa sanyin dare ya ratsa shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka 'yar tsukewar nan ta isa ta zubar da matsin gaba ɗaya ba tare da ɗigo ɗaya ya fita ba.

Duk da haka da saura, domin cike wannan gurbi aikin 'yan daƙiƙu ne. Ya tsaya ya zuba wa yaron famfo ido: yana ɗaga tiyo, yana matsawa, ga layin 'yan acaɓa na yi masa tsawa. Na'ura na cikin gwaji ta ga mai na fita, ta ce yoyo ne.

"Kai ɗan samari, in ka ɗaga da safe, dakata kaɗan kafin ka matsa."

Manaja ya so a cire na'urar kowa ya huta, kuma a ganina nan ne haɗarin yake, don man da ya yoyo a ƙasa rijiyoyin maƙwabta yake nufa. Mai gyara ya ƙi. Maimakon haka ya gwada ta da yoyon ganganci, bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka: galan 3 a awa, wato wajen lita 11, a matsin fam 10 kan kowane inci murabba'i. Ta kama shi. A can doka ta wajabta wannan gwaji sau ɗaya a shekara. Mai gidan mai, duba takardunka ka ga yaushe rabon da a gwada taka.