Mai Cafe Ƙwallo a Wasan Amurka: Gwanin da Ake Jayayya Kan Farashinsa

A ƙwallon Amurka, wasan nan da ake yi da kwalkwali da sulken kafaɗa, kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum 11. Tsawon filin yadi 100 ne, ga kuma fegi mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Duk wanda ya shiga fegin abokan hamayya da ƙwallo a hannu ya ci maki shida. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren. Hanya biyu ake bi: ko a rungume ta a kutsa da gudu, ko a jefa ta sama wani ya cafe. Mai jifan shi ne jagoran ƙungiya. Mai cafewa kuwa can gefen fili yake tsayawa shi kaɗai, ga mai gadinsa a gabansa, ido cikin ido.

Ɗan kallo zai ɗauka gudu ne kawai da miƙa hannu. Abin ya fi haka. Kafin a fara kowane hari, an riga an faɗa wa mai cafe hanyar da zai bi: taku uku ya karkata ciki, ko yadi goma ya karya zuwa layin gefe, ko ya tsaya cak ya juyo, ko ya miƙe sak har ƙarshen fili. Mai jifa ba shi da lokacin jira, domin ƙarti huɗu ko biyar suna tahowa kansa, kuma yawanci kafin daƙiƙa uku ƙwallo ta bar hannunsa. Saboda haka wuri yake jefa wa, wurin da suka yi alkawari mai cafe zai kasance. Sau da yawa ƙwallo tana sama tun mai cafe bai waiwayo ba. In ya ƙara taku ɗaya ko ya rage, hannun abokin gaba za ta faɗa, kuma a takarda mai jifa za a rubuta wa laifin.

Aikin yana farawa tun daga layi. Dokar da aka kawo a 1978 ta yarda mai gadi ya tokare mai cafe a cikin yadi biyar na farko kawai, don haka a nan ake kokawar gaske: a kaɗa kafaɗa hagu a bi dama, a buge hannun mai gadi kafin ya kama ƙirji. Gwani yana ɓoye niyyarsa, ya sa duk hanyoyinsa su yi kama da juna a takun farko, har mai gadi ya juya ƙugu, sannan ya karya. Ana cafewa da yatsu, nesa da jiki, domin ƙwallon da ta taɓa sulke takan yi tsalle. A bakin layi kuma sai ƙafa biyu sun taɓa cikin fili kafin alƙali ya yarda, alhali a wasan jami'a ƙafa ɗaya ta isa. Yawancin hanyoyin nan ana danganta su ga Don Hutson na Green Bay Packers, wanda ya yi wasa daga 1935 zuwa 1945, ya ci maki shida ta hanyar cafe har sau 99, kuma ba a wuce shi ba sai a 1989.

Koyon sana'ar daga sakandare yake farawa, a wasannin daren Juma'a, sai jami'a ranar Asabar. Yaro ba ya shiga gasar ƙwararru ta NFL mai ƙungiyoyi 32 sai ya shekara uku da gama sakandare. Kowace shekara ana tara masu neman shiga a Indianapolis, a auna su, a sa su tseren yadi 40, kafin ƙungiyoyi su zaɓe su bi da bi. Agogon nan ya sha yaudarar masu zaɓe. A 2017 John Ross ya yi tseren a daƙiƙa 4.22, Cincinnati Bengals suka ɗauke shi na tara, ana gab da ɗaukar mai jifa Patrick Mahomes na goma. Shekararsa ta farko ta ƙare bai cafe ko ɗaya ba. A zaɓen wannan shekarar Cooper Kupp, wanda ya yi 4.62, sai a zagaye na uku aka waiwaye shi. Jerry Rice ma, wanda ake ɗauka babu kamarsa a sana'ar, ba a san shi da gudun fitar hankali ba. Ɗan magini ne daga Mississippi, ya tashi yana cafe bulo a wurin aikin mahaifinsa, ya fito daga ƙaramar jami'a, ya yi kaka 20 yana wasa, ya tara yadi 22,895.

Akwai haɗari. Mai cafe yakan bi tsakiyar fili idonsa a sama, haƙarƙari a buɗe, wani na tahowa da dukan ƙarfinsa. A watan Agusta na 1978, a wasan share fage, Darryl Stingley na New England Patriots ya gamu da irin wannan karo, ya karye a wuya, bai sake takawa ba har ya rasu. An tsaurara dokokin kare wanda ke tsakiyar cafewa tun daga nan, amma buguwar kai da tsinkewar jijiyar gwiwa ba su bar sana'ar ba.

Kuɗi ne ya mayar da mai cafe abin jayayya. NFL tana ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashin 'yan wasanta 53. A 2024 iyakar ita ce dala miliyan 255.4. A shekarar ne Minnesota Vikings suka ba Justin Jefferson kwantiragin dala miliyan 140 na shekara huɗu, wato miliyan 35 a shekara. A 2025 Ja'Marr Chase ya karɓi miliyan 161 a Cincinnati. Duk dalar da ta tafi aljihun mutum ɗaya an rage ta ne daga masu kare mai jifa ko masu tsaron baya. Shi ya sa ake tambaya: dole ne sai da irin wannan gwani?

Masu cewa ba dole ba ne suna da hujja mai nauyi. A watan Maris na 2022 Kansas City Chiefs suka ƙi biyan mai cafensu Tyreek Hill abin da yake nema, suka miƙa shi ga Miami Dolphins a kan damar zaɓe biyar. Aka ce sun yanke hannunsu. A kakar nan mai jifan Chiefs, Mahomes, ya jefa yadi 5,250, suka ɗauki kofin Super Bowl, suka sake ɗauka a shekara ta gaba, Miami kuwa ba ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba a waɗannan shekaru. Patriots sun ci kofi a Fabrairun 2019, gwarzon wasan kuma Julian Edelman ne, wanda mai jifa ne a jami'a, aka ɗauke shi a zagaye na bakwai. Amma a 2007, lokacin da suke da Randy Moss yana cin maki shida sau 23, sun cinye wasanni 16 na kaka sannan New York Giants suka doke su 17 da 14 a wasan ƙarshe. Calvin Johnson ya kafa tarihin yadi 1,964 a 2012, ƙungiyarsa Detroit Lions ta ci wasa huɗu ta sha kashi 12. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin faɗa ba. Kupp ɗin nan da aka raina ya cafe sau 145 a 2021, ya tara yadi 1,947, kuma shi ya cafe ƙwallon da ta ba Los Angeles Rams kofi. Waɗanda suka doke a ranar, Bengals, wasa huɗu kacal suka ci a kakar baya. Da suka ɗauki Chase na biyar, duk da masu cewa mai kare mai jifansu Joe Burrow ya kamata su nema tunda gwiwarsa ta tsinke, sai ga su a wasan ƙarshe. Buffalo Bills sun sayo Stefon Diggs a 2020, jifan Josh Allen da ke isa hannu ya tashi daga kashi 59 cikin ɗari zuwa 69. Tennessee Titans sun sallama A.J. Brown ga Philadelphia Eagles a 2022. Kafin ƙarshen shekara sun kori manajan da ya yi cinikin, Eagles kuwa suka je wasan ƙarshe sau biyu, suka ci na Fabrairun 2025.

Abin da ke haɗa labaran nan lissafi ne na mutum 11. In mai gadi ɗaya ba zai iya riƙe mai cafe ba, dole a ƙara masa wani daga baya. Wannan na biyun an cire shi ne daga wani wuri, sai mai gudu da ƙwallo ya sami hanya, sauran masu cafe su sami sarari, mai jifa kuma ya gane tsarin tsaron tun kafin a fara. Wannan shi ne abin da miliyoyin suke saya, ko da a ranar da gwanin bai cafe komai ba. In aka duba ƙungiyoyin da ake cewa sun ci kofi babu shi, za a ga suna da wanda yake yi musu wannan aikin daga wani gurbi: Chiefs suna da Travis Kelce, wanda ya cafe sau 110 a 2022, Patriots suna da Rob Gronkowski. Sama da haka suna da Mahomes da Tom Brady, masu jifan da ba a samun irinsu kowace shekara goma.

Don haka amsar ta dogara da wanda ke jifa. Ƙungiyar da ke da Mahomes tana iya sayar da babban mai cafenta ta raba kuɗin a wurare uku. Wadda ke rainon matashin mai jifa, tana biyansa ƙaramin albashin sabon shiga, tana da sararin kuɗi kuma tana da buƙata, don haka ta nemo masa gwani tun da wuri. Wadda ba ta da mai jifa ko kaɗan, ta fara neman wannan tukuna, domin mai cafe, komai gwanintarsa, sai an jefo masa.