Abin da Ke Ƙarƙashin Kafet

Yau shirin namu zai shiga falo ne, ya ɗaga gefen kafet ya leƙa abin da ke ƙasa.

Idan ana haɗa kayan ɗakin amarya, ana iya ɓata yini guda a kasuwa ana zaɓen senta kafet: launi ya dace da labule, zane ya shiga da kujeru, a tambaya ko ɗan Turkiyya ne. Da wuya wani ya tambayi abin da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Waɗanda ma suka tuna da shi, yawanci laushi suke nema, sai su sayi soso mafi kauri. A ganina nan ne kuskuren yake. Daɓen ɗaki shi ya kamata ya zaɓi shimfiɗar ƙasa, laushi kuwa shi ne na ƙarshe a lissafi.

Mu fara da tayil, tunda shi ya cika sababbin gidaje a Kano da Kaduna da Maraɗi. Tayil yana da santsi, bayan kafet ɗin inji kuma ba ya kama shi. Duk takun da aka yi, kafet yana ɗan motsawa ko da ido bai gani ba. A lokacin hunturu ƙura da ƙananan yashi suna ratsa saƙar su taru a ƙasa, sai ya zama kowane taku yana gurza bayan kafet a kan yashi da daɓe mai tauri. Shi ya sa za ka ga kafet ya siɗe a bakin ƙofa da gaban kujerar maigida, alhali sauran wurare sabbi ful. Ga kuma haɗarin da ya fi wannan: dattijuwa ta fito daga alwala da jiƙaƙƙen ƙafa ta taka gefen darduma, darduma ta tafi da ita. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Abin da tayil ke buƙata shi ne shimfiɗa mai fuska biyu: roba a ƙasa don ta riƙe daɓe, matsattsen zare a sama don ya riƙe bayan kafet. Kaurin da bai wuce milimita 6 ba ya wadatar a falo, a bakin ƙofa kuwa wadda ta fi haka siranta, don kada ƙyaure ya riƙa karo da ita.

Daɓen siminti matsalarsa daban ce. Yana da ɗan kaushi, kafet ba ya zamewa sosai, amma da damina yana tsotso laima daga ƙasa, musamman a gidan da ba a sa leda a ƙarƙashin daɓe ba lokacin gini. In ka rufe irin wannan daɓe da soso ko roba marar huda, ka kulle danshin ne, sai warin fumfuna ya tashi, bayan kafet ya yi baƙi-baƙi. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko sisi ban da kuɗin salatif. A yanko leda kamar faɗin faranti babba, a manna ta a daɓe, a liƙe gefunanta huɗu, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, to ɗakin yana jan ruwa. A nan shimfiɗa mai raga wadda iska ke ratsawa ta fi, kuma dole a riƙa ɗaga kafet ana shanyawa.

Wani zai ce, ai kujeru da tebur sun danne kafet, ina zai je? Sun danne inda ƙafafunsu suke, amma tsakiya da gefuna, inda mutane ke takawa, a sake suke, nan ne kuma yake tattarewa. Wani kuma zai ce iyayenmu tsohuwar tabarma ko kwali suke sawa, kuma sun zauna lafiya. Gaskiya ne tabarmar kaba a kan daɓen ƙasa tana aiki, domin tana shan iska. Amma a kan tayil tabarmar roba ta fi kafet ɗin ma santsi, kwali kuwa yana jiƙa ya ruɓe, ya zama gidan kyankyasai da abincin gara. Mai ƙorafin kuɗi ne ya fi hujja, don a wannan zamani duk ƙarin naira yana da nauyi. Sai dai shimfiɗar ba ta kai kuɗin kafet ba ko kusa, kuma in aljihu bai kai ba, gara a rage girman kafet a sayi shimfiɗa mai kyau da a sayi ledar nan mai arha mai warin fenti, wadda zafin bazara ke sa ta yi danƙo ta manne wa daɓe.

Soso mai kauri kuwa, daɗinsa na mako biyun farko ne. Ƙafar kujera tana lotsa shi, kafet yana lanƙwasa yana miƙewa har zaren bayansa ya saki, gefensa kuma ya ɗago ya riƙa sa yara tuntuɓe. A shago, ka matse shimfiɗar tsakanin babban yatsa da manuni: in yatsun sun kusa haɗuwa, ajiye ta, ba ta da nauyin da za ta ɗauki falo. In an kawo ta gida, a yanke ta ta gaza kafet da kamar santimita 3 a kowane gefe, domin bakin kafet ya kwanta a daɓe. A share ƙasa a goge, a bari ya bushe sarai kafin a shimfiɗa, fuskar robar tana kallon ƙasa.