Gadeniya mai rodi-rodi: Yadda ake raya ƴar uwar gauɗe a gidajen Abuja

Daga cikin shuke-shuken da ake jerawa a gefen titunan Abuja, kaɗan ne ke jan hankalin ma'aikaci mai komawa gida kamar gadeniya, mai farin fure da ƙamshin da ke ƙara tashi da almuru. Asalinta kudancin Sin da Japan ne, kuma sunan Alexander Garden ta ci, wani likita ɗan Sikotilan da ya zauna a Charleston ta Amurka. Ƴar uwa ce ga gauɗen dazukanmu, danginsu ɗaya da itacen gahawa.

Nau'in da ya fi ɗaukar ido shi ne mai rodin fari ko ruwan ɗorawa a ganye. Sai dai wannan adon kan ɓoye ciwo. Rodin halitta yana nan tun ganye na toho, da iyaka bayyananniya. Amma idan sabon ganye ya koɗe gaba ɗaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore, to shukar ta kasa zuƙar sinadarin ƙarfe.

Galibi laifin na ƙasa ne. Gadeniya na son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta ke tsakanin 5 da 6. Toka, ɓaraguzan siminti da magina ke binnewa a gindin katanga, da ruwa mai yawan alli duk suna kashe wannan tsami. Ruɓaɓɓen ganye da ruwan sama su ne abokanta.

A ba ta hantsi, a kare ta daga ranar azahar, domin farin ganye ya fi saurin ƙonewa. Idan hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bushewar iska kan zubar da kan fure tun bai buɗe ba. A rufe gindi da ciyawa, a riƙa ban-ruwa da sassafe ba tare da ruwa ya kwanta ba. Reshen da ya fito kore zalla a datse shi nan take, in ba haka ba zai rinjayi sauran, rodin ya ɓace. Fararen ƙwarin da ke laɓewa ƙarƙashin ganye kuwa, ruwan sabulu ko man darbejiya ya ishe su.

Ga ɗan haya, ko ma'aikacin da takardar canjin wurin aiki ke iya riska kowane lokaci, babbar tukunya mai huji a ƙasa ta fi dacewa. Ranar tashi, sai a ɗora ta a mota tare da sauran kaya.