Yadda Ake Liƙa Haƙorin Tangaran Ya Daɗe

Ana so hakimai da malamansu su fahimci wannan bayani, domin su faɗakar da jama'arsu. Haƙorin tangaran hula ce da likita yake kifa wa haƙorin da ya karye ko ya ruɓe. Ba irin haƙorin Makka ba ne, wanda ƙarfe ne. Shi tangaran santsi gare shi, ƙaron likita ba ya kama shi sai an sa cikinsa ya yi kaushi, kamar yadda magini yake karce bango kafin yaɓe ya zauna.

A shekarar 1955 Likita Michael Buonocore na garin Rochester, ƙasar Amurka, ya nuna cewa in an shafa asid na fosforik a fuskar haƙori, ƙaro ya fi kamawa. A 1983 aka nuna haka ga tangaran, amma da wani asid dabam, watau haidurofulorik.

Tangaran iri biyu ne. Mai gilashi a ciki ana shafa masa wannan asid mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wani sakan 20, wani sakan 60. Asid ya cinye gilashin, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. A wanke sarai, a busar, sa'an nan a shafa ruwan silan, wanda yake kama gilashi ta gefe guda, ya kama ƙaro ta ɗaya gefen. Wanda ya zarce lokacin da aka ƙayyade ya raunana hular.

Na biyu, watau zakoniya, ba gilashi cikinsa, saboda haka asid ɗin nan ba ya cinsa. Sai a fesa masa garin alumina da iska, a shafa sinadarin MDP, wanda kamfanin Kuraray na Japan ya ƙirƙiro a 1981. In yawu ya taɓa cikin hular lokacin gwaji, tilas a sake tsabtace ta, in ba haka ba za ta ɓamɓare.

Amma fa haidurofulorik mugun abu ne ƙwarai, yana ratsa fata ya kai ƙashi. Don haka ba aikin masu gyaran haƙori na kasuwa ba ne. Wanda hularsa ta faɗi kada ya liƙa ta da gam. Ya adana ta, ya kai wa likitan haƙori a asibiti.