Littafin matsafan da aka ƙwace a Guéma

Bayan La'asar yayata ta aiko a kira ni gidanta da ke Guéma, a nan Parakou. Na tarar da ita riƙe da wani littafi da yatsu biyu kamar mushen ɓera. Ta ce, "Kai da ka yi lakwal, duba mini abin da 'yarka ke karantawa. An ce makarantar matsafa ce a ciki."

Littafi na biyu ne na Harry Potter, fassarar Faransanci, wata ƙawarta ta ara mata. J.K. Rowling ta Birtaniya ce ta rubuta jerin, littattafai bakwai daga 1997 zuwa 2007. Damuwar yayata ba ta banza ba ce, domin sihiri haramun ne, babu ja. Na tafi da shi gida, na karance shi cikin dare uku.

Lallai akwai sandar tsafi da tsintsiya mai tashi sama. Amma shafukan da yarinyar ta naɗe wa kunne ba na tsafi ba ne. A makarantar, wadda masu Faransanci ke kira Poudlard, akwai Hermione, wadda ta fi kowa ƙoƙari, sai dai iyayenta ba matsafa ba ne. Wani ɗan masu asali, Malefoy, yana zaginta da mai gurɓataccen jini, yana kuma yi wa 'yan gidan Weasley gorin talauci.

Da na tambaye ta dalilin naɗe shafukan, sai da ta daɗe kafin ta ce, "Kawu, a ajinmu in na ci jarrabawa sai su ce 'yar mahauci ta zo ta ɗaya, su toshe hanci." Mahaifinta nama yake sayarwa a kasuwar Arzèkè, da shi yake biyan kuɗin makarantarta. Shekara guda tana haɗiye wannan, ba wanda ya sani a gida.

Wannan gori ba baƙo ba ne gare mu. Daga Parakou har Djougou, in maganar aure ta taso, akan tona ko wane ne ɗan mahauci, ko na wanzami, ko na maƙeri. A Borgou kuwa har yau ana goranta wa Gando bautar kakanninsu. Alhali malamanmu kullum suna karanta mana aya ta 13 ta Suratul Hujurat.

Tatsuniyar abin mamaki ma ba Turawa suka kawo mana ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duk na 1934, cike suke da aljannu. A 2011 Nnedi Okorafor ta fitar da Akata Witch, labarin Sunny, zabiya a Najeriya, wadda ita ma ta shiga cikin masu baiwa ba tare da iyayenta suna da ita ba.

Na mayar wa yayata littafin, na gaya mata abin da na ji. Ta yi shiru, sannan ta ce a bar mata shi, da sharaɗin duk abin da ta karanta ta zo ta ba ta labari da Hausa. Ranar Litinin kuma ni da mahaifinta za mu je mu ga daraktan makarantar. Ya ce daga kasuwa zai wuce, ba zai sake riga ba.