TSOHUWAR BASHE MAI TARI DA HARBI: INDA CUTAR TAKE DA YADDA AKE NEMAN TA

Ran kasuwa, tun da asuba, tashoshin Maradi, Damagaram, Tawa da Madawa sukan cika da tsofaffin motocin nan da ake kira bashe. Su ne ke kwaso albasar Galmi, da hatsi, da awaki, da mutanen ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga. Su ne kuma ake tayarwa da dare in haihuwa ta gagara, a kai mace likita. Da yawa cikinsu Peugeot 404 ne ko 504. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, bashenta ta hito a 1967, kuma a 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna. Galibin waɗanda suka rage sun girmi direbobinsu.

Cutar da ta hi damun waɗannan motoci ita ce wadda direbobi ke kira tari da harbi. In an taka totur, sai motar ta cije kamar ta shaƙe, sa'an nan ta zabura. Wani lokaci kuma sai a ji ƙara kamar ta bindiga. Direba da yawa sukan ce halin tsuhwa ne, su ci gaba da tahiya. Amma mota mai wannan hali tana shan esansi hiye da ƙima, tana iya mutuwa a tsakiyar rairayi da kaya masu ruɓewa, kuma tana iya kama wuta.

ABU UKU DA INJI KE BUKATA

Injin esansi yana aiki da abu uku: iska da mai da aka gauraya daidai, da wutar buji a kan lokacinta, da matsi cikin silinda. Gwargwadon gaurayen shi ne wajen kilo 15 na iska ga kilo 1 na esansi, kuma karbirato ne ke yin wannan awo. Bobin ke ƙarfafa wutar batir, delko kuma ya rarraba ta ga buji huɗu bisa tsari: 1, 3, 4, 2. Supap su ne ƙohohin da ke buɗewa mai ya shiga, hayaƙi ya hita, su ruhe ruf lokacin ƙonewa. Duk tari da harbi daga ɗayan ukun nan suke tasowa.

A FARA DA SAURARE

Makanisiyen kirki ba ya fara da kwance karbirato. Tambaya yake fara yi: ta ina harbin ke hita, kuma yaushe?

In ta bakin karbirato ne, galibi mai ne ya yi kaɗan, iska ta yi yawa. Irin wannan gauraye yana ci a hankali, har supap ɗin shiga ya sake buɗewa wuta ba ta mutu ba, sai ta bi hanyar mai ta komo baya. Haka kuma yakan faru in an sarƙe wayoyin buji, ko wuta tana zuwa tun lokacinta bai yi ba, ko supap ɗin shiga ba ya ruhewa.

In kuwa ta baya ne, wajen bututun hayaƙi, to man da bai ƙone cikin silinda ba ne ya taru can, zahi ya tashe shi. Sanadinsa buji mai tsallake wuta, ko wuta mai makara, ko mai da ya yi yawa. Bututun da ya huje kusa da inji shi ma yakan jawo iska, ya sa harbi lokacin da aka ɗaga ƙafa a gangare.

Lokacin da abin ke faruwa shi ma shaida ne. Motar da ke cijewa daidai sa'ad da aka taka totur tana nuna ƙaramin famfon da ke cikin karbirato. Wadda ke kasawa a hawa ko da kaya masu nauyi, mai ne ba ya isa, ko wuta ta yi rauni. Wadda ke tahiya lahiya da sahe ta lalace da rana tsaka, a tuhumi bobin da ke gajiya in ya yi zahi, ko esansi da ke zama tururi cikin tiyo.

WUTA TUKUNA

Ana farawa da wuta, don dubanta ya hi sauƙi da araha. A hidda buji huɗu a jera su bisa tsarinsu. Mai kalar ƙasa-ƙasa lahiyayye ne. Baƙi mai kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna injin ya ci daga ciki. In buji guda ne ya bambanta da sauran, cutar tana ga silindarsa, ko wayarsa, ko shi kansa. In duka huɗun kamarsu ɗaya, a nemi abin da suka yi tarayya a kai: karbirato, bobin ko delko. Tazarar bakin buji a 404 milimita 0,6 ce.

Sai wayoyi. Da dare, a tada inji a buɗe kansa cikin duhu: wayar da ta tsage za a ga wuta shuɗiya tana tsalle daga jikinta. A buɗe hular delko a duba tsaguwa, da damshi, da baƙin zane mai kama da na fensir, wanda hanya ce da wuta ta yi wa kanta. A duba platin: in bakinsa ya ƙone ya yi ramu, a sake shi tare da kondansate, domin sau da yawa kondansate ne ya kashe shi. Tazarar platin milimita 0,40 ce. Duk wanda ya taɓa platin, wajibi ne ya sake daidaita lokacin wuta, don sauya tazara yana matsar da shi. A girgiza sandar delko da yatsa: in tana lilo, tazarar ba za ta zauna ba kome gyara.

SA'AN NAN MAI DA ISKA

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar karbirato. Matatar iska da ta toshe tana shaƙe inji, baƙin hayaƙi ya biyo baya. Waɗansu kan cire ta ɗungum su ce motar ta samu numfashi. Wannan ganganci ne: rairayi zai ci silinda cikin ƴan watanni, kuma ranar da inji ya yi harbi ta gaba, babu abin da zai tare harshen wuta.

Bayan iska, sai hanyar mai daga tanki. Esansin kwalabe na bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, yakan zo da ruwa ko ƙasa in ba a adana shi da kyau ba. A zuba kaɗan cikin kwalba mai haske a aje: ruwa ya hi esansi nauyi, zai kwanta ƙasa. Tsohon tanki kuma yana zubar da tsatsa wadda ke toshe matatar mai da ƙananan ramukan karbirato, wato jikile. Ana hura su da iska. Ba a zura masu waya ko allura, domin ramin zai ƙara faɗi, awon ya ɓaci har abada. In mota ta mutu bayan tahiya mai nisa, aka buɗe marhin tanki aka ji ya ja iska, to ramin numfashinsa ne ya toshe.

Gwajin ƙaramin famfon nan ba shi da wuya. Da inji a kashe, a cire matatar iska, a leƙa cikin karbirato, a motsa totur da hannu. Ya kamata a ga zaren esansi ya hito da ƙarhi. In bai hito ba, ko ya ɗiga kawai, robar famfon ta bushe ko hanyarsa ta toshe.

Akwai kuma iskar sata, wadda ke shiga ta gindin karbirato in juwan ɗinsa ya mutu, ko ta tiyon da ya tsage. Alamarta shi ne inji ba ya zama daidai in mota tana tsaye, kuma wani lokaci ana jin ƙaramin shewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

IN DUK WANNAN BAI YI BA

Saura matsi. Supap da aka ɗaure hiye da ƙima ba ya zama sosai, kuma daga baya yakan ƙone. A injin 404 ana auna tazararsu inji yana da sanyi: milimita 0,10 ga na shiga, 0,25 ga na hita. In an daidaita su harbin bai daina ba, sai a nemi garajin da ke da agogon awon matsi. Silindar da ta gaza ƴan'uwanta da yawa tana nuna supap da ya ƙone ko zobban piston da suka ci. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna juwan kilas. A nan ne kawai buɗe inji ya zama dole.

ABIN KIYAYEWA

Dokar aikin ita ce a gyara abu guda, a gwada motar, sa'an nan a taɓa na biyu. Wanda ya sake buji, da bobin, da karbirato rana ɗaya, ya kashe jikkuna da yawa, kuma bai san abin da ya warkar da motar ba, in ma ta warke. Kada a zuba esansi cikin bakin karbirato ana tada inji, kada kuma yaron mota ya kai huskarsa wurin. A aje abin kashe gobara ko bokitin rairayi kusa, a kashe taba.

Masu motoci, da shugabannin ƙungiyoyin ƙauye, da ma'aikatan da aka danƙa wa motar aiki, ya kamata su aje ɗan littahi cikin mota, a riƙa rubuta ranar da aka sake buji, platin da matata, da abin da direba ya ji a hanya. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya isa ya riƙe wannan littahi, kuma ranar da aka je garaji, shi ne zai gajarce wa makanisiye bincike, ya rage wa mai mota asara. Bashen da aka saurari tarinta tun yana ƙarami takan kai albasa kasuwa da mara lahiya likita shekaru da yawa nan gaba.